Labarin da Kulu Ba Ta Ƙarasa Ba

Ƙauyenmu yana bakin kogi, tsakanin Suki da Rusairis. Idan aka gama yankan dawa, sanyi ya sauko, ƙofar ɗakin kakarmu Ige ce matattarar yara bayan sallar isha'i. Ba don tana da wani abin ba mu ba. Wuta take da ita, ta kara da busasshen kashin shanu, hayaƙin yana korar sauro, sai kaskon da take soya gyaɗar da za ta kai kasuwa da safe. Wadda ta ƙone ita ce rabonmu. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce mata Habboba, mu kuwa Kaka. Ba ta taɓa amsa wa jikanta da Larabci ba, ko da ta ji abin da ya ce sarai.

A hanya aka haife ta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, suka tsaya nan don su yi noman damina ɗaya su huta, daminar kuwa ba ta ƙare ba har suka mutu. Duk da haka ban taɓa jin Kaka ta ce nan garinmu ne ba. Cewa take yi, "Zango muka yi." Tsofaffin tsaranta duk haka suke. A wurinsu wanda ya ɗaura niyyar gabas yana iya tsayawa, yana iya tsufa a inda ya tsaya, amma ba zai juya ba. Na san tsohon da danginsa suka aiko a ɗauke shi ya je ya ga ƙasar haihuwarsa, ya ƙi. Ya ce ba zai yarda mutuwa ta same shi yana duban yamma ba.

Mu uku ne ba ma fashin zuwa: ni, da Kulu 'yar gwaggona, da yayanta Bello. Ni da Kulu taubasai ne, saboda haka faɗa ya zame mana kamar gaisuwa.

"Angona mai majina, matsa can, kana tare mini wuta," Kaka za ta ce da ni.

Kulu ta ce, "Ki sake shi mana, Kaka. Mi za ki yi da wanga?"

"Ke wa yat tambaye ki? Bari dai in mutu, ke za ni bar ma shi gado."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Takan buga cokali a bakin kasko ta ce, "Ga wata ta iso, a ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna." Tana da su da yawa, na Gizo da na kura da na aljanun kogi, amma ɗaya ce ta bi ni har yau.

Wata mata ce a ayarin masu tafiya Makka, ita da mijinta, aurensu bai daɗe ba. Suna son juna irin son da dattawan ayari suke kawar da kai idan sun gani. Shi yakan haɗa kayanta da nasa ya ɗauka, ita kuma takan ɓoye masa ƙanzon tuwo a bakin zane. A wani wuri ya sha ruwan wata rijiya, ciki ya kama shi. Ya yi ta jan jiki daga zango zuwa zango har ya cika. Aka binne shi a gefen hanya, aka jera duwatsu, madugu ya ce a ɗaura kaya. Kowa ya fuskanci gabas. Ita ta fuskanci yamma.

"An kira ta, an yi mata wa'azi, an ja ta da hannu," in ji Kaka. "Tac ce, ku tahi, na yi mantuwa baya."

Akwai abin da ba wanda ya sani, domin ba wanda ya taɓa juyawa. Ashe kwanakin da ayari ya wuce ba ɓacewa suke yi ba. A zango ake barinsu tare da tokar murhu. Da ta koma zangon farko sai ta tarar da ranar da suka yi a cikinsa tana nan yadda suka bar ta, ga mijinta kwance yana nishi. Ta dube shi, ta wuce, domin ba mai ciwo take nema ba. So take ta kai inda yake kafin rijiyar, ta hana shi sha. Sai dai kowane zango yana karɓe abin da ta samu a bayansa. Fason ƙafarta ya haɗe. Kitson da ta tsefe don takaba ya kitsu. Jakinsu da ya faɗi a hanya ya miƙe ya bi ta. Muna jin wannan muna murna, har Kaka ta rage murya. Domin tunani ma abu ne da mutum yake samu a hanya. Da farko ta manta yadda aka jera duwatsun. Sannan ta manta maganar da ya yi mata ta ƙarshe. Ta wuce ta bakin rijiyar, ta dube ta, ba ta tuna mata komai ba.

Ta same shi zaune yana ɗinke takalminsa, lafiya lau. Ya ɗago ya ce, "Ina kika shiga? Tuwo ya huce." Ta tsaya tana haki. Ta san akwai maganar da ta sa ta wannan gudu, ta laluba, ba ta same ta ba. Sai ta yi dariya ta ce, "Ban sani ba, kewarka dai na ji." Da safe suka ɗaura kaya suka nufi gabas. Da suka kai rijiyar ya ce yana jin ƙishirwa.

"Ita taj ja mashi guga da hannunta," Kaka ta ce, tana juya gyaɗa. "Har yau suna can. Tana binne shi, tana komawa, tana mantawa. To, ta tashi, ku ba ta hanya."

Ba mu ba ta hanya ba. Bello, wanda tun yana yaro yake magana kamar liman, ya ce alhakinta ne, wa ya ce ta juya? Ni na ce ai ta ji daɗi, tun da kullum tana sake samunsa, Kulu ta kwaɗa mini kara a ƙeya. Ita kuka ma take yi don haushi.

"Ba ta da zare? Ta ƙulla a bakin zane mana, ta tuna!"

"Ƙullin ma warwarewa shikai," in ji Kaka, "tun da bayan mutuwar anka ƙulla shi."

"To wagga ba tatsuniya ba ce, mugunta ce."

Kaka ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wadda ba ta son tawa, ta girma ta yi tata."

Duk da haka Kulu ce mai roƙon a sake ta kowane sanyi. Ina jin tana sa ran wata rana matar za ta tuna.

Kaka ta rasu ina ajin ƙarshe na firamare, kuma karatuna bai wuce nan ba. Na koma Damazin na koyi sana'ar agashe, tsiren da Hausawa suka yi suna da shi a ƙasar nan. Kulu ta ci gaba har ta zama malamar ƙananan yara. Maganar gado da Kaka ta yi da wasa ta tabbata, aka ɗaura mana aure. Ba zan yi dogon bayani a kan zamanmu ba. Mun yi faɗa kamar taubasai, mun shirya kamar mata da miji.

Ita ce ta girma ta yi tata. Ta buɗe shafi a telefon tana rubuta labarin soyayya babi-babi, da harufan Larabci, Hausa da Larabci a gauraye yadda muke magana a gida. Labarin wata budurwa ce 'yar Damazin da saurayinta ya rasu ana shirin bikinsu. Wata rana ta shiga wata tsohuwar hafila mai zuwa Rusairis, irin ƙananan motocin nan na haya, sai ta ga duk tashar da suka tsaya kwanaki suna komawa baya. Abin da Kulu ta sauya shi ne, yarinyar ba ta mantawa. Duk abin da ya faru yana kanta, kuma kowace tasha nauyinsa ƙaruwa yake yi. Da rana, ina yanka nama ina shafa ƙuli da yaji, takan zauna a kan angareb, gadon nan na igiya, a rumfa ta karanta mini sabon babi. Nakan ce, "Wannan direban ya kamata a kama shi, yana yawo da mutane ba birki." Ta ce, "Kai dai yanka namanka, jahili." Mata suka yi ta shiga shafin, daga Suki, daga Sinnar, har daga Madani.

Babin da ta saka na ƙarshe ya tsaya ne a inda yarinyar ta sauka daga mota. Ga saurayin a tsaye a bakin kasuwa, da ransa, yana yi mata murmushi, ita kuma ta san komai. Na tambaye ta me za ta yi. Ta ce, "Ka jira ka ji tare da kowa. Don kana kwana gidan marubuciya ba shi ne za a ba ka ta bayan gida ba."

A cikin damina ta kwanta da zazzaɓi. Muka ɗauka irin na kowace shekara ne. Sauran ba zan faɗa ba.

Muna da al'ada a ƙauyukanmu. Kafin sadakar arba'in, 'yan'uwa sukan raba tufafin mamaci, su mayar da duk abin da ya ara ko da allura ce, su bi gida-gida suna nema masa yafiya. Sauke masa kaya muke cewa, don ya kwanta ba nauyi. A wurin rabon ne aka miƙo mini telefon ɗinta. Na daɗe ban kunna shi ba. Ranar da na kunna, saƙonni suka yi ta shigowa har ya yi zafi a hannuna.

Da yawa addu'a ce, Allah ya saka musu. Wata yarinya daga Suki ta rubuta cewa yayanta ya ɓata a wannan rikicin da ake yi, kuma labarin ne kaɗai wurin da take iya yin kuka ba a ce ta yi haƙuri ba. Amma addu'ar ba ta daɗe ba aka koma gardama. Wata ta ce labarin ya yi daɗi, sai dai Hausar ta yi yawa, su 'yan Madani ba sa ganewa. Wata ta amsa mata cewa Larabcin ne ya yi yawa. Wani ya ce shi bai ga hankali a ciki ba, mota ba ta tafiya da baya har wata guda, man fetur ɗin wa ya saya? Wata ta ce soyayyar ba ta kai ba, saurayin bai iya magana ba, sai ka ce mai sayar da nama. Akwai wadda ta rubuta, kuma na karanta da idona, cewa da marigayiyar ba ta ɓata babi uku wajen bayanin lalle da turaren amarya ba, da ta ƙarasa kafin ta tafi. A ƙasan wannan wasu suka saka fuskar dariya. Wasu suna kirana da suna, wai mijinta ya san ƙarshen, ya daina ɓoyewa, haƙƙinsu ne. Sannan ga masu cewa labarin jayayya ce da ƙaddara, kuma duk wanda ya karanta ana ƙara wa Kulu nauyi a inda take.

Wannan ta ƙarshen ce ta isa ƙauye. Bello ya zo ya same ni a wurin sana'a, ya ƙi zama.

"Manu, mun sauke mata komi, saura wanga. Ka goge shi."

Na ce, "Yaya Bello, tatsuniya ce. Ta Kaka ce, kai ma kana wurin."

"Ina wurin, kuma tun ran nan na ce ba daidai ba ne. Kaka ta hwaɗa ma yara uku, iska ta kwashe. Wanga kullum ana buɗe shi, da sunanta a sama." Sannan ya ce, "Ni ma ƙanwata ce. Kana gani ba ni jin komi? Je ka dubi Inna, ba ta barci."

Na je wurin wani malami da nake girmamawa a Damazin na ba shi labari. Ya ce shi bai ga abin tsoro ba, labari ne, kuma Allah ya fi mu sanin zuciyar baiwarsa. Na ɗauki wannan amsa na shiga mota zuwa ƙauye kamar mai ɗauke da magani.

Gwaggo, uwar Kulu, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na faɗa mata abin da malamin ya ce. Ta ce, "Wani malamin kuma ya ce ma Bello akasin haka. Wane ne cikinsu ya shiga ya gano ta?" Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma san abin da ke cikin labarin ba sai abin da mata suke kawo mata. Na roƙe ta ta saurara kafin ta yanke. Na zauna a bakin tabarmarta na karanta mata, yini guda da wani yinin. Da muka kai inda kwanaki suka fara komawa baya, ta dafa hannuna.

"Wagga ai ta Inna ce, kakarku. Ja'irar yarinya, ashe ba ta bari ba."

Har ta yi dariya a wurin da wata fasinja take faɗa da yaron mota a kan kaza, ta ce wallahi bakin Kulu ke nan. Na ɗauka na yi nasara. Da na kai ƙarshe ta daɗe tana duban ƙasa.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Goge shi, ɗana."

"Gwaggo, shi kaɗai ya rage da muryarta a ciki."

"Na sani. In babu komi, mun yi hasarar labari. In akwai hwa? Ni ina nan ina jin daɗin muryarta, ita tana can tana biya? Ba ni iyawa. Don Allah, Manu."

Ba ta taɓa roƙona komai ba tun ina yaro. A gabanta na goge shafin, na goge wanda ke ajiye a cikin telefon ɗin. Abu ne na ɗan lokaci kaɗan, har na yi mamaki. Bello ya gaya mini daga baya cewa a daren ta yi barci.

Abin da ni da Bello ba mu yi tunani ba shi ne, labarin ya riga ya fita daga hannunmu. Mutane sun kwafa, kuma kowa ya gyara shi yadda yake so. Wata ta cire Hausar duka ta mayar da shi Larabci tsantsa. Wani ya rubuta ƙarshen da yarinyar ta tuba ta koma gida ta yi istigfari. Wata ta haɗa su aure a babban otal, har da mota mai fure. Duka suna yawo da sunan Kulu a sama, da addu'ar rahama a ƙasa, kuma ana ci gaba da gardama a kansu, masu yabo da masu zagi. Na nemi yarinyar nan ta Suki ko tana da na asali. Ta turo mini wanda take da shi. Na karanta shafi biyu na ajiye. Labarin yana nan, amma ba mai yin magana irin ta matata a cikinsa. Wanda muka goge shi ne kaɗai nata.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka gargaɗi ce ga mai juyawa, kamar yadda Bello ya fahimta, ko kuwa albishir ce, kamar yadda na ce har na sha kara. Yanzu ba na ganin ko ɗaya. Ina ganin tsohuwa ce da ta binne mutanenta a ƙasar da ba ta yarda tata ce ba, ta san babu hanyar komawa, ta kuma san cewa ko da akwai, ba za ta amfani kowa ba. Ta faɗa mana gaskiya yadda yara za su iya ɗauka, ta bar mu muna musu, domin kowannenmu abin da yake tsoro ko yake so ya ji, ba abin da ta faɗa ba. Masu karatun Kulu ma haka suka yi, sai dai mu a lokacin muna da uzurin ƙuruciya. Ban yi fushi da Gwaggo ba, ban yi da Bello ba. Fushin da nake da shi ba shi da wanda zan kai wa, shi ya sa yake nan.

Bayan girbi na je ƙauye gai da Gwaggo. Ta ɗan yi ƙiba, tana zaune a rana tana ɓarar gyaɗa. Muka yi maganar dawa da ciwon gwiwarta. Da na tashi tafiya ta ce in dakata.

"Yarinyar nan ta cikin mota. Da ta sauka ta gan shi, ta hwaɗa mashi?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo."

"Kulu ba ta gaya maka ba? Ko a ɗaka?"

"Ta ce in jira."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wurin nan na mai kaza. Ɗan karanta mini shi kaɗai. Wannan ai ba komi cikinshi."

Na ce, "Babu shi, Gwaggo. Duka kika ce."

"Duka," ta ce. "Haka ne. Ni nac ce."

Ta tura mini kwanon gyaɗar ta ce in ɗiba na ci a mota. Na ɗiba.